In'ina a Bakin Kanta

 Cikin saƙonnin da kuka bari a ƙasan rubutun da ya gabata akwai na wata uwa da ya tsaya mini a rai. Ɗanta ya gama sakandare, shekara biyu ke nan yana zaune, sai yanzu wani abokin babansa ya samo masa aiki a irin gidajen abincin nan na zamani da ake sayar da kaza da soyayyen dankali da shawarma. A kanta za a ajiye shi, shi ne mai karɓar oda da kuɗi. Yaron kuwa yana da in'ina tun yana ƙarami. Tambayarta ita ce: ta bar shi ya je a yi ta yi masa dariya, ko ta sa baban ya roƙa a mayar da shi kicin, inda ba sai ya buɗe baki ba?

Hajiya, amsata a taƙaice ita ce ki bar shi ya tsaya a kantar, in dai shi da kansa yana so. Amma ba zan yaudare ki in ce abu ne mai sauƙi ba. A duk ayyukan da matashi kan fara da su, da wuya a samu wanda ya tara abubuwan da ke tayar da in'ina wuri guda kamar wannan.

Ku duba yadda aikin yake. Mai shagon unguwa in ka shiga sai kun gaisa, an tambayi iyali, sannan ya miƙe ya ɗauko maka sukari. Waɗannan gidaje kuwa, tun daga Mr Bigg's da aka fara buɗewa a Legas a 1986 har zuwa su Chicken Republic da ƙananan wuraren shawarma da suka cika titunan Kano da Kaduna da Abuja, a kan sauri aka gina su. Ga layi, ga kiɗa, ga ƙarar janareta, ga mai yana tafasa a baya, ga manaja yana duban agogo. Duk wanda ya tsaya a gabanka baƙo ne, kuma da yunwarsa ya zo.

Duk wannan da sauƙi a kan abu ɗaya da mutane ba su cika lura da shi ba. Mai in'ina yakan ji kalmar da za ta maƙale masa tun kafin ya iso gare ta, kamar yadda direba ke hango rami a titi. Sai ya kauce. In "mota" za ta ƙi fita ya ce "abin hawa", in "Talata" ce ya ce "jibi". Wasu sun ƙware a wannan har za ka shekara da su a unguwa ba ka san suna da in'ina ba, sai dai ka ce ba su da yawan magana. To kanta ba ta yarda da wannan dabara. Shawarma sunanta shawarma. Dubu uku da ɗari biyar ba ta da wani suna. Lambar odar da za ka kira da ƙarfi ita ce dai lambar, kuma gaisuwar da aka rubuta wa ma'aikata, wadda sau da yawa da Turanci ce, ita za ka maimaita tun safe har a tashi. Dalilin da ya sa masu in'ina da yawa suka fi shan wahala wajen faɗin sunansu ke nan: ba shi da madadi, kuma mai tambaya yana jiran amsa nan take.

Bari mu ɗan tsaya a kan ita kanta in'inar, domin abin da ake faɗa a kanta a gidajenmu yana da yawa, kuma galibinsa ba haka yake ba.

Kusan mutum ɗaya cikin kowane ɗari na manya yana da ita, kuma ba ta ƙyale wani yare ko wata ƙasa ba. Takan fara ne tsakanin shekara 2 zuwa 5, lokacin da yaro ya soma haɗa kalmomi. Wajen yara 5 cikin 100 sukan yi ta na wani lokaci, kuma kusan kashi uku cikin huɗu daga cikinsu takan bar su kafin su girma. A cikin waɗanda ta zauna wa har girma, maza sun ninka mata wajen sau huɗu. Wani lokaci maimaitawa ce, "d-d-dubu". Wani lokaci jan sauti ne, "sssannu". Wadda ta fi gajiyar da mai ita ita ce maganar ta tsaya cak, baki a buɗe, iska ta ƙi fita, sauti ya ƙi fita. Ƙifta ido da buga ƙafa da dukan cinya da kuke gani daga baya suke zuwa, kokawar fitar da kalmar ce ta zama jiki.

Gado yana da hannu sosai a ciki. A 2010 wasu masu bincike a Amurka ƙarƙashin Dennis Drayna suka wallafa sakamakon nazarin wani babban dangi a Pakistan, inda suka gano canji a wasu ƙwayoyin halitta da ke da alaƙa da in'ina. Daga baya suka yi irin wannan aiki a kan wani babban gida a maƙwabciyarmu Kamaru, gidan da mutane da dama a cikinsa suke da ita. Hotunan ƙwaƙwalwa kuma sun nuna ɗan bambanci a hanyoyin da ke tsara lokacin motsin leɓe da harshe da maƙogwaro. Ma'ana, mutumin ya san sarai abin da yake son faɗa, saƙon ne yake ɗan sarƙewa a hanya. Babu ruwanta da ƙarancin basira. Tsoro ma ba shi ya haife ta ba, ita ce take haifar da tsoron, shi kuma ya dawo ya ƙara mata nauyi.

An ce masu in'ina zuciya gare su. Ni dai a ganina, duk wanda aka shekara ashirin ana katse shi, ana ƙarasa masa magana da abin da ba shi yake nufi ba, ana kwaikwayonsa a finafinan barkwanci yara suna kwasar dariya, in ya fusata wata rana ba sai an je neman dalili a jininsa ba.

Harshen kuma lafiyarsa ƙalau, beli ma haka. A 1841 wani likitan fiɗa a Jamus mai suna Dieffenbach ya riƙa yanke wani yanki daga tushen harshen masu in'ina, a zamanin da ko maganin sa barci ba a fara amfani da shi ba. Wasu suka mutu, waɗanda suka rayu in'inar ta dawo, aka watsar da aikin. Mu nan har gobe akwai masu kai yaro wurin wanzami a cire beli ko a tsaga ƙarƙashin harshe. A wurin aiki na karɓi yaran da aka kawo suna zubar da jini bayan cire beli. Don Allah a bari.

Akwai kuma abin da ke sa iyaye su ce da gangan yaro yake yi. A Islamiyya in ana karatu baki ɗaya ba ka jin komai, in yana rera waƙa tas take fita, in yana yi wa ƙanwarsa jaririya wasa ko yana magana shi kaɗai babu ko gargada. Sai malam ya ce ya tashi ya biya shi kaɗai, ko baƙo ya tambayi sunansa, sai bakin ya kulle. Haka in'ina take a ko'ina cikin duniya, tana hawa tana sauka. Yau lafiya, gobe kamar an ɗaure. Duk manajan da zai yi aiki da mai in'ina ya kamata ya san wannan, don kada ya ga ranar Litinin yaro ya yi magana tiryan-tiryan, ranar Asabar ya ce iskanci ne.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwar amsa wa Hajiya haka shi ne ɗan yayata, wanda ya yi irin wannan aiki yana tara kuɗin rajistar makaranta. Satinsa na farko ya ɗauri aniyar kada kowa a wurin ya gane yana da in'ina. Kalmar "uku" ce babbar abokiyar gabarsa. To in kuɗin mutum ya kama dubu uku da ɗari biyar, sai ya ce "dubu huɗu ba ɗari biyar". Kwastoma ya ce nawa? Ya sake faɗa. Wanda ba ya jin Hausa sosai ya ɗauka dubu huɗu da ɗari biyar aka ce, a shiga gardama. In ya hango mai manyan kaya ya doso kanta, sai ya tuna firji yana buƙatar a jera lemo. In waya ta yi ƙara, sai ya zama bai ji ba. Ya ce mini, "Anti, in na dawo gida ji nake kamar na yi dakon siminti, alhali a tsaye kawai na wuni."

Manajan bai ga in'ina ba, tunda an ɓoye masa ita. Abin da ya gani shi ne yaro mai rikita lissafi, mai gudun kwastoma, mai sunkuyar da kai in ana yi masa magana. Kafin wata ya cika aka mayar da shi baya wajen suya, kuma shi manajan a ransa taimako ya yi.

Wani masani Ba'amurke, Joseph Sheehan, wanda shi ma yana da in'ina, ya kwatanta ta da tsaunin ƙanƙara a teku, wanda ɗan kansa kawai ake gani. Mu da ba mu da tekun ƙanƙara sai mu ce dorina a ruwa: ido da kunne ne a sama, gangar jikin tana ƙasa. Abin da mai sauraro ke ji shi ne kunnen. Gangar jikin ita ce kunya, da fargabar da ke farawa tun a cikin adaidaita sahu kafin a isa wurin aiki, da lissafin kalmomi, da ayyukan da aka ƙi nema, da tambayar da aka ƙi yi a aji, har da yarinyar da aka kasa zuwa zance wurinta. Wannan ɓangaren ne yake cin mutum, kuma ɓuya abincinsa ne. Duk ranar da aka gudu daga kanta, gobe kantar ta fi jiya tsawo.

Ba raina aikin kicin nake ba, sana'a ce, wani ma can ya fi so kuma can ya fi iyawa. Wanda ya zaɓe shi don yana so, Allah ya ba da sa'a. Abin da nake ƙi shi ne a kai yaro can don a ɓoye shi. A wurin da ɗan yayata ya yi aiki, daga cikin masu tsayuwa a kanta ake ɗaukar masu kula da sauran ma'aikata, domin su manaja ke gani suna hulɗa da jama'a. Bayan haka, yaron da aka koya wa a shekara 19 cewa wurinsa shi ne inda ba a magana, da wannan karatun zai je neman aiki na gaba, da shi zai je gaban surukai.

Yanzu a yi lissafi na gaskiya. In kalma ta maƙale, yawanci daƙiƙa kaɗan ne. Mu da muke tsayawa minti biyar muna jiran na'urar POS ta samu sabis, mu da muke zama a jira shigowar alat bayan an tura kuɗi, mu da muka kwana a layin banki a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, a ce daƙiƙa huɗu na bakin wani yaro ne za su hana mu cin kaza? "Dubu u-u-uku da ɗari biyar" ta fi "dubu huɗu ba ɗari biyar" sauri nesa ba kusa ba, domin sau ɗaya ake faɗinta kuma kowa ya gane.

Abin da ya fara sauya wa ɗan yayata al'amura shi ne ya je ya sami manajan a lokacin da babu jama'a, ya gaya masa yana da in'ina, ya bayyana masa dalilin abubuwan da yake yi, ya ce yana son a sake gwada shi a kanta. Wannan shi ne mataki mafi nauyi kuma mafi amfani, kuma gara a yi shi tun ranar farko. Masu bincike a Jami'ar Texas da ke Austin, ƙarƙashin Courtney Byrd, sun gwada yadda masu sauraro ke ɗaukar wanda ya faɗa da bakinsa cewa yana da in'ina, suka ga an fi yi masa kallon mai kirki da amincewa da kai a kan wanda bai faɗa ba. Sun kuma ga cewa faɗa kai tsaye ya fi faɗa cikin ban haƙuri. Wannan na biyun zai yi mana wuya, mu da ko ƙafarmu aka taka mu ne ke cewa "yi haƙuri". Amma akwai bambanci tsakanin "yi haƙuri don Allah, matsala gare ni" da "ina da in'ina, ɗan ba ni lokaci". Ta farko tana sa kwastoma ya ji an yi masa laifi. Ta biyu labari ne kawai aka ba shi, ya san abin da yake gani, ya san abin da zai yi. Ba kowane kwastoma za a gaya wa ba, sai in maganar ta tsaya har mutum ya fara waige-waige.

Abin da za a roƙa wurin manaja ba shi da yawa. A fara sa shi a kanta lokacin da babu cunkoso, kamar hantsi ko bayan la'asar kaɗan, in ya saba a ƙara masa lokacin cin abincin rana, amsa waya kuma ta zo daga ƙarshe, tunda waya ta fi komai wuya: babu fuska, babu nuni da hannu, in ka yi shiru a ce "hello, hello" a kashe. A bar shi ya yi gaisuwa da kalmomin da suka zauna a bakinsa, "sannu da zuwa" ko "barka da zuwa", ba dole sai doguwar jimlar da aka haddace ba. In zai tabbatar da oda, ya faɗa kuma ya nuna rasit ko allon na'ura, wanda ko mai lafiyayyen baki ya kamata ya yi a wuri mai hayaniya. Sai dai kada nunin ya maye gurbin magana gaba ɗaya, in ba haka ba an koma gidan jiya.

Yana da kyau yaron ya san cewa akwai doka. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta haɗa da wariya a wajen ɗaukar aiki, kuma a 2020 aka kafa hukumar da ke kula da su. A Ingila da Amurka, irin waɗannan dokoki suna iya kare wanda in'ina ta yi wa tsanani a wurin aiki. Ba cewa nake ɗan shekara 19 mai ɗan ƙaramin albashi ya kama hanyar kotu ba, kowa ya san yadda abin yake. Amma tsayuwar wanda ya san haƙƙi yake nema daban take da ta mai neman alfarma.

Sai dabarun bakin kansu. Wanda ya fi kowa suna a wannan fanni shi ne Charles Van Riper, wanda ya koyar a Jami'ar Western Michigan, shi ma ya yi fama da in'ina mai tsanani. Koyarwarsa ita ce a daina ƙoƙarin hana in'ina, a koyi yin ta cikin sauƙi. Duk wanda motarsa ta taɓa kafewa a yashi ya san cewa taka totur da ƙarfi ƙara binne taya yake. Haka kalma take. In ta maƙale, jiki yakan ce a danna, a matse leɓe, a riƙe numfashi. Abin da ake koya shi ne akasin haka: ka tsaya a kan sautin, ka sassauta matsin, ka bar iska ta ɗan fita, sannan ka zame zuwa sauran kalmar a hankali. Ga sautuka irin su "b" da "d" da "k", a taɓa leɓe ko harshe sama-sama. Ga kalma irin "uku" ko "ashirin", a fara sakin iska kaɗan kafin murya ta biyo. A daina rige-rigen amsawa, ɗan shirun daƙiƙa ɗaya kafin a buɗe baki ba wanda zai lura da shi. A yanka magana gajeru-gajeru: "Kaza biyu. Dankali ɗaya. Dubu bakwai."

Ido ma yana da nasa aikin. Mai in'ina in ya maƙale yakan kawar da kai don kunya, shi kuwa kwastoma da ya ga mai karɓar kuɗi ya sunkuyar da kai yana ƙunƙuni, abin da ke zuwa masa shi ne an manta farashi ko ana shirin cin canjinsa. In ka ci gaba da kallonsa, ya san magana ce tana tafe.

Akwai wata dabarar da in na faɗa mutane kan yi dariya, wato yin in'ina da gangan. Mutum ya zaɓi kalmar da ba ta ba shi wahala, ya ɗan maimaita farkonta a natse, "sa-sannu da zuwa", yana kallon mai sauraro. Masu koyar da magana suna amfani da ita sosai. Amfaninta shi ne asirin da ake wuni ana gadi ya riga ya fita tun a gaisuwa, kuma da hannunka ka fitar da shi, sai ka ga duniya ba ta tashi ba.

Kada wanda ya ɗauka waɗannan abubuwa daga karantawa sai yi. A ɗaki suna da sauƙi, a gaban layin mutum goma sukan gudu su bar ka. Ana farawa ne a gida, sannan wurin mai shayi, sannan a kanta da hantsi. Sannu ba ta hana zuwa. Ɗan yayata ya koma kanta, kuma har ya bar aikin in'inarsa tana nan, "uku" ma ba su shirya ba. Abin da ya tafi shi ne gajiyar dakon siminti.

Masu dariya kuwa za a gamu da su, babu makawa. Da yawansu ba mugunta ba ce, ba su gane abin da ke faruwa ba ne, shi ya sa za ka ji an ce "ka manta kuɗin ne?" Irin waɗannan da an ce musu "in'ina ce" sai kunya ta kama su. Akwai kuma ɗan tsirarun da za su kwaikwaye ka a fuskarka don abokai su yi dariya. Wannan ba a ja da shi, a gama masa odarsa ko a kira na sama ya karɓe shi, kamar yadda ake yi da kowane kwastoma marar ɗa'a. Wanda ya fi ciwo shi ne na abokan aiki, domin kwastoma tafiya zai yi, su kuwa da su za a wuni gobe. Manajan da ya bari ana kwaikwayon ma'aikacinsa a kicin bai iya aikinsa ba, kuma wannan ƙara ce da ta cancanci a kai.

Nan zan sa hular aikina. Babu wata ƙwaya ko allura da aka amince da ita a matsayin maganin in'ina. Duk mai lasifika a tasha da ya ce yana da garin da ke warware harshe cikin kwana bakwai, kuɗinki yake so. Abin da ya fi tsorata ni shi ne abokai masu ba da shawarar a ɗan sha wani abu kafin a fita aiki don a samu natsuwa. Ta wannan ƙofa tramadol da kodin suke shiga gidajen da ba a taɓa zato ba, kuma duk mun ga ɓarnar da ta sa gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Yaro ya shiga da in'ina kaɗai, ya fito da in'ina da jaraba. Abin da ke taimakawa shi ne ƙwararrun masu koyar da magana. Ba su da yawa a ƙasar nan, amma a tambaya a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, ko a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Ga babba, kada a je da tsammanin za a cire ta kamar haƙori. Abin da ake samu shi ne magana ta yi sauƙi, tsoro ya ragu. In kuma fargabar ta kai ga hana barci ko hana fita, wannan ma abin ganin likita ne a kan kansa.

Akan so a ƙarfafa wa masu in'ina gwiwa da sunayen manya, su Sarki George na Shida na Ingila da tsohon shugaban Amurka Joe Biden. Gaskiya ne duk sun yi fama da ita, sai dai sarki yana da malamin magana a gefensa ranar da zai yi jawabi, ɗanki kuwa daga shi sai na'urar lissafi. Wanda na ga ya fi ratsa yaranmu shi ne labarin Annabi Musa, alaihis salam. Malaman tafsiri da dama sun ce yana da nauyin harshe, kuma a Suratu Ɗaha ya yi addu'a a kan harshensa, ya roƙi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna. 'Yan'uwa Kirista ma sun san labarin a littafin Fitowa. An ba shi mataimaki, amma shi ɗin dai aka aika gaban Fir'auna.

A gida, Hajiya, in ya dawo kada tambayar farko ta zama "yau bakin ya matsa maka?" Ki tambaye shi ciniki, ki tambaye shi ko ya ci abinci. In yana ba ki labari ya maƙale, ki jira da fuskar da kike sauraron kowa da ita. "Natsu", "ja numfashi", "yi a hankali", duk ya ji su sau dubu, kuma abin da suke gaya masa shi ne yadda yake magana kike saurare, ba abin da yake faɗa ba. Ki ja kunnen ƙannensa a kan kwaikwayo. Ki kula da barcinsa, domin masu tashi aiki sha ɗayan dare su koma da safe sukan ga bakin ya fi nauyi in gajiya ta taru. Mu kuma da muke shiga waɗannan wurare da yaranmu ranar Sallah, in mai karɓar oda ya maƙale, kada mu ƙarasa masa. Ka ce "shawarma" alhali "shinkafa ta ƙare" yake son gaya maka, dole ya koma farko, kuma yanzu da nauyi biyu.

Abu na ƙarshe, kuma kada a haɗa shi da duk abin da na faɗa a sama. In'inar da muke magana a kanta tun yarinta take farawa. In babban mutum da bai taɓa yi ba ya wayi gari magana tana sarƙe masa, ko harshe ya yi nauyi, musamman in baki ya karkace ko hannu ɗaya ya mutu, ko bayan ya bugu a kai, wannan yana iya zama shanyewar ɓarin jiki ko rauni a ƙwaƙwalwa. A kai shi asibiti a wannan sa'ar, kada a jira a ga yadda zai kwana.

Masu in'ina da ke aiki a kanta, ko a banki, ko a aji, ku rubuto mana yadda kuke yi da waya, domin ita ce aka fi tambayata a kanta. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba in'inar yara 'yan ƙasa da shekara shida, da alamomin da ke nuna lokacin da ya kamata a daina jira a nemi ƙwararre.